Muhawara: Shin kalmar “buzz” tana nufin jita-jita?

Ɗalibar Jarida, Kano

Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Ina neman ƙarin haske a kan wata jimla da aka ba ni in fassara a wurin da nake sanin makamar aiki. Jimlar ita ce “There is a lot of buzz about the new film”, ni kuma na rubuta “Ana ta jita-jita a kan sabon fim ɗin”. Editan ya soke fassarar, ya ce babu jita-jita a cikin maganar. Da na duba ƙamus sai na tarar an ba kalmar ma'ana uku: ƙarar da ƙudan zuma ke yi, da zumuɗin jama'a, da kuma jita-jita. Tun da ƙamus ya amince da ma'ana ta ukun, ban ga dalilin soke ta ba, kuma ina so in fahimci yadda kalma guda ta haɗa abubuwa uku da a Hausa ba su da dangantaka da juna.

Malamin Turanci, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. A wannan jimla editanki yana da gaskiya. Kalmar “buzz” kwaikwayon sauti ce, kamar yadda mu ma muke cewa ƙudan zuma sun taso zuu, kuma ta haura shekara 500 a cikin Turanci. Idan mutum ya tsaya a nesa da taron jama'a, ba ya jin abin da kowa yake faɗa. Amo ɗaya yake ji, mai tashi yana sauka, wanda ba a iya cewa daga bakin wane ya fito. Daga nan ne Turawa suka ɗauki kalmar suka ɗora wa maganar da ta cika gari, sa'an nan suka ɗora wa zumuɗin da ke sa mutane yin maganar.

Bambancin da ya kamata ki riƙe shi ne wannan. “Rumour” labari ne da yake da'awar cewa wani abu ya faru ko zai faru, saboda haka ana iya tabbatar da shi, ana kuma iya ƙaryata shi. “Buzz” kuwa a Turancin yau yawan maganar yake aunawa, bai damu da abin da ke cikinta ba. Idan aka ce akwai “buzz” a kan fim, ba wanda zai tashi ya ce ƙarya ne, domin ba a yi da'awar komai ba, an dai ce mutane suna ta maganarsa suna ɗokin ganinsa. Da ni ne zan rubuta “Ko'ina maganar sabon fim ɗin ake yi”.

Injiniya, Kaduna

Malam, kafin a yi nisa da ma'anar aro, ina ganin ya dace a daidaita ma'anar asali, domin Turanci yana rarrabe waɗannan sautuka fiye da yadda ɗalibai suke zato, kuma a wurin aikinmu kuskuren kalma yana iya sa a gyara abin da bai lalace ba.

“Hum” sauti ne mai laushi, mai ɗorewa a kan murya ɗaya, irin wanda mutum yake yi idan yana rera waƙa bakinsa a rufe, ko irin na firji, ko na taransifoma mai lafiya. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar da Ingila tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma sau 60, kuma ƙarfen da ke cikin taransifoma yana motsawa sau biyu a kowane juyi, shi ya sa dirin da ake ji a gindin taransifomarmu yake kan motsi 100 a daƙiƙa, na Amurka kuma kan 120. Wannan shi ne “mains hum”. Amma idan wani ƙarfe ya saki, sautin ya yi kaushi yana karkarwa, to ya zama “buzz”, kuma alama ce ta a duba. “Whirr” na abin da ke juyawa ne da sauri, kamar fanka ko keken ɗinki. “Whine” siriri ne mai shiga kunne, kuma shi aka fi jingina wa sauro, domin fiffikensa yana kaɗawa kimanin sau 500 a daƙiƙa, alhali na ƙudan zuma bai wuce kimanin 230 ba. “Drone” kuma mai kauri ne, maras hawa da sauka, shi ya sa ake cewa mai jawabi “droned on” idan ya yi ta zuba da murya ɗaya har mutane suka fara gyangyaɗi. Asalin kalmar sunan namijin zuma ne, kuma daga can jirgi maras matuƙi ya samo sunansa; ana danganta hakan da wani jirgin gwajin harbi da Ingila ta yi a 1935 mai suna Queen Bee.

Akwai misali daga Yaƙin Duniya na Biyu da ke nuna cewa “buzz” ba sauti ne mai daɗi ba. Makamin V-1 da Jamus ta fara harba wa Landan a watan Yunin 1944, mutane sun sa masa suna “buzz bomb” saboda ƙugin injinsa, kuma abin da suka fi tsoro shi ne lokacin da ƙugin ya ɗauke, domin a lokacin ne makamin yake faɗowa.

Tsohon Tafinta, Katsina

Na gode wa Injiniya. Amma Malamin Zariya, Allah ya gafarta Malam, ban yarda a yi wa yarinyar nan hukunci da sauri haka ba. Ma'anar jita-jita ba kutse ta yi cikin ƙamus ba, tana daga cikin tsofaffin ma'anonin kalmar. A wasan Hamlet na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen shekarar 1600, sarki yana kukan cewa wani saurayi mai suna Laertes ya dawo daga Faransa a ɓoye, kuma akwai “buzzers” da suke cika masa kunne da munanan maganganu game da mutuwar mahaifinsa. Waɗannan ba masu zumuɗi ba ne, magulmata ne masu raɗa a kunne. A wani wurin kuma, da aka kawo wa Hamlet labarin zuwan 'yan wasa, sai ya amsa da “Buzz, buzz”, wanda masu sharhi da yawa suke fassarawa da cewa labarin ya riga ya tsufa. Ke nan, 'yata, ba ki ƙirƙiro komai ba.

Har yau ma ma'anar tana raye. Idan Bature ya ce “The buzz is that the minister will resign”, to wannan raɗe-raɗi ne tsantsa, kuma ana iya ƙaryata shi gobe da safe. Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan kalmar. Idan “that” ce ta biyo baya, aka kawo labari, to jita-jita ce. Idan “about” ko “around” ce, aka ambaci abu kawai, to yawan magana ne da ɗoki.

Malamin Turanci, Zariya

Baba, na karɓi wannan ƙa'ida, kuma ta fi tawa amfani ga mai fassara, domin tana ba shi abin da zai duba da idonsa a cikin jimla. Sai dai ita ma ta tabbatar da hukuncin editan, tun da jimlar Malama da “about” ta zo. Inda nake da ja shi ne dogaro da Shakespeare. Abin da kalma take nufi shekara 400 da suka wuce ba hujja ba ne a kan abin da ɗan jaridar Landan yake nufi da ita a bana, kuma na sha ganin ɗalibai suna ɓata fassara saboda sun fi amincewa da tarihin kalma fiye da jimlar da ke gabansu.

Barista, Sakkwato

Ranku ya daɗe. Tun da an shigo fagen jita-jita, bari in raba wasu kalmomi uku da ake cakuɗawa, har a rahotannin kotu da ake fassarawa a rediyo.

“Rumour” daga Latin ta fito ta hanyar Faransanci, kuma a can ma asalinta hayaniya ce, wato ita ma daga sauti ta faro kafin ta zama labari. Ingila da mu muna rubuta ta da “ou”, Amurka kuma tana rubuta “rumor”, bin tsarin da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya yaɗa. Siffarta ita ce ba a san wanda ya fara faɗa ba. “Gossip” kuwa tsegumi ne ko gulma: magana ce a kan rayuwar wani mutum da ba ya wurin, kuma tana iya zama gaskiya tsantsa, illarta dai ita ce ba huruminka ba ne. Asalinta “godsibb”, wato wanda ya tsaya wa jariri a wurin baftisma, daga baya ta koma kan ƙawayen da ke taruwa wurin mai haihuwa, daga nan ta koma kan hirar da suke yi.

Ta ukun ita ce “hearsay”, kuma ita ce ake yi wa mummunar fassara. A shari'a ba ta nufin jita-jita. Tana nufin shaida ya faɗi abin da wani ya gaya masa, domin a tabbatar da gaskiyar abin, alhali shi bai gani da idonsa ba. Mai yiwuwa ne an san wanda ya faɗa, da sunansa da gidansa, kuma mutumin kirki ne, amma duk da haka “hearsay” ce, domin ba ya gaban kotu balle a yi masa tambayoyi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta bayyana ta a sashe na 37, ta kuma hana karɓarta a sashe na 38 sai a wuraren da doka ta keɓe, kamar furucin wanda yake gab da mutuwa game da musabbabin mutuwarsa. Saboda haka idan alƙali ya ƙi wata shaida a kan wannan dalili, mai fassara ya ce alƙali ya kira ta jita-jita, ya zubar da mutuncin shaidan ba da haƙƙinsa ba. Gara a ce shaida ce ta “an gaya mini”, kuma a kotu gani ya kori ji.

Malama, Maraɗi

Ina gaishe ku daga wannan ɓangaren iyaka. Mu da muka yi karatu da Faransanci ba mu tsira daga wannan kalma ba, domin Faransawa sun are ta, suna cewa “faire le buzz” ga abin da ya karaɗe intanet, har suka ƙirƙiro “bad buzz” ga abin da ya jawo wa kamfani ko ɗan siyasa tofin Allah tsine. A Faransancin ba ta taɓa nufin kukan ƙudan zuma, wannan “bourdonnement” ne, kuma ba ta nufin jita-jita, wannan “rumeur” ce. Sun ɗauki ma'ana guda ce kawai suka bar sauran, wanda ke goyon bayan Malamin Zariya cewa ita ce ma'anar da ta fi ƙarfi a yau. Amma Baba ma yana da abin kamawa, domin Bafaranshe yana cewa “le bruit court que”, wato ƙara tana gudu cewa, idan yana nufin ana raɗe-raɗi. A ƙasashen Afirka masu Faransanci kuma akwai “radio trottoir”, rediyon gefen titi, ga labarin da ke yawo baki da baki inda mutane ba su amince da gidan rediyon gwamnati ba.

Mai Aikin Talla, Legas

Malamai, ku gafarce ni, akwai abin da ban ji an ambata ba. Ana magana kamar “buzz” abu ne da ke tasowa da kansa daga cikin jama'a, alhali a sana'armu sayensa ake yi. Kafin a saki fim ko waya ko waƙa, ana ware kuɗi domin abin da ake kira “generating buzz”: a saki ɗan guntun bidiyo, a ba masu mabiya da yawa kayan su gwada, wani lokaci ma a bar wani labari ya fita kamar ba da gangan ba. A nan ne iyakar da Malam ya shata tsakanin kalmomin biyu take rushewa, domin sau da yawa jita-jitar da kanta ita ce kayan aikin da ake tayar da ɗokin. Ana sakin raɗe-raɗin cewa jaruman fim sun yi faɗa, mutane su yi ta magana, fim ya sayu.

Kalmar da ke nuna an gane dabarar ita ce “hype”, wato zuzutawa da kambamawa. Idan mai sharhi ya ce “buzz”, bai yanke hukunci ba tukuna. Idan ya ce “hype”, yana zargin cewa abin bai kai yadda ake kururuta shi ba. Darajar kalmar “buzz” a kasuwa ta sa kamfanoni suna sa ta a sunansu ko na kayansu: kafar labarai ta intanet BuzzFeed da aka kafa a New York a 2006, da dandalin sada zumunta na Google Buzz da aka buɗe a Fabrairun 2010 aka rufe a 2011. Haka kuma “buzzword” kalma ce da ake yayi a ofisoshi da tarurruka, kowa yana faɗinta domin a ga ya waye, ko da bai san abin da take nufi ba.

Malamin Turanci, Zariya

Wannan gyara ne mai kyau, amma ina ganin ya nuna cewa abubuwan biyu suna tafiya tare ne, bai nuna cewa abu ɗaya ne ba. Mai fassara har yanzu dole ya zaɓa.

Bari in ƙara wa Malama wasu wuraren da kalmar za ta iya yaudararta. “Give me a buzz” yana nufin ka kira ni a waya. “Buzz off” kora ce ta rashin ladabi, kada ki faɗa wa babba. “I get a buzz from teaching” yana nufin koyarwa tana sa ni nishaɗi da kuzari, kuma ana amfani da ita ga ɗan abin da mutum yake ji bayan shan kofi ko giya, saboda haka a kula da wurin da aka faɗe ta. “The market was buzzing” kuma yana nufin kasuwa ta cika ta batse, ana ta hada-hada. Sunan Buzz Aldrin, mutum na biyu da ya taka wata a Yulin 1969, ba shi da alaƙa da ko ɗaya. 'Yar'uwarsa ce tana ƙarama ta kasa furta “brother” take cewa “buzzer”, sunan ya bi shi.

Tsohon Tafinta, Katsina

Tun da Barista ya buɗe tarihin kalmomi, kuma Malam bai hana ni ba sai dai ya yi gargaɗi, zan kawo uku da nake sha'awa. Sojojin ruwa suna kiran jita-jita “scuttlebutt”, wanda asalinsa gangar ruwan sha ce da ake ajiyewa a kan jirgi, inda matuƙa ke haɗuwa su yi hira. Mutanen Ostareliya suna kiran labarin ƙanzon kurege “furphy”, daga sunan kamfanin Furphy na garin Shepparton, wanda ya ƙera amalanken ruwa da sojojinsu suke taruwa a gindinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a bakin rijiya ko famfon unguwa ya san dalilin da ya sa ruwa da labari suke haɗuwa. Ta ukun ita ce “grapevine”, kurangar inabi, wadda ta yaɗu a Amurka lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 a matsayin “grapevine telegraph”, ana kwatanta hanyar baki da baki mai karkacewa da miƙaƙƙiyar wayar tangaraho. Idan mutum ya ce ya ji abu “through the grapevine”, ya ji ƙishin-ƙishin ke nan, kuma ba ya son a tambaye shi wa ya gaya masa.

Likita, Jos

Ina da abu biyu. Na farko gajere ne: “murmur” gunaguni ne ko magana ƙasa-ƙasa, amma “heart murmur” wani sauti ne da muke ji da abin sauraren ƙirji idan jini yana ratsa zuciya da hargitsi, kuma ba kullum yake nufin ciwo ba. Na taɓa jin an fassara wa majiyyaci shi da cewa zuciyarsa tana gunaguni, ya tafi gida cikin tashin hankali.

Na biyu shi ne dalilin da ya sa nake goyon bayan a tsananta wajen raba kalmomin nan. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, saƙo ya karaɗe wayoyin mutane cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai yana kare mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun mutu saboda shan ruwan gishirin. Wannan “rumour” ce, kuma babu Baturen da zai kira ta “buzz”, domin kalmar tana da sauƙi da annashuwa da ba su dace da abin da ya kashe mutane ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Gordon Allport da Leo Postman, sun yi bayani a 1947 cewa ƙarfin jita-jita yana ƙaruwa ne gwargwadon muhimmancin al'amarin ga mutane da kuma rashin tabbataccen bayani a kansa, kuma idan ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, jita-jitar ba ta tashi. A daren gishiri duka biyun sun cika. Sabon fim kuwa ba ya buƙatar ruɗani kafin a yi ta maganarsa.

Ɗalibar Jarida, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sake rubuta jimlar haka: “Sabon fim ɗin yana tashe”. Akwai kuma wata a cikin rahoton da ta haɗa kalmomin biyu, “The newsroom was buzzing with rumours of a reshuffle”, na fassara ta da “Ɗakin labarai ya kaure da raɗe-raɗin za a yi wa majalisar ministoci garambawul”. Ina roƙon a duba mini su.

Tsohon Tafinta, Katsina

Ta biyun ta yi daidai, 'yata, domin “kaure” ya ɗauki hayaniyar, “raɗe-raɗi” kuma ya ɗauki labarin, ba ki bar komai a baya ba. Ta farkon ce nake da shakka a kanta. Abu yana tashe ne bayan ya fito an gan shi an karɓe shi, amma “buzz” ya fi yawa kafin fitowa, lokacin da ba wanda ya gani tukuna, kamar yadda jaridun Amurka suke cewa “Oscar buzz” tun watanni kafin a ba da kyautar finafinai ta Oscar. Ki koma cikin rahoton ki duba ko an riga an saki fim ɗin. Idan an saki, “yana tashe” ta zauna. Idan ba a saki ba, ki rubuta “Jama'a sun ƙagu su ga sabon fim ɗin, ko'ina maganarsa ake yi”.

Mai Aikin Talla, Legas

Baba, ni ma da haka zan tafi, sai dai idan rahoton daga sanarwar kamfanin da ya shirya fim ɗin aka ɗauko shi, ina ba Malama shawara ta ƙara “in ji masu fim ɗin”, domin a irin wannan takarda mu ne muke rubuta cewa jama'a sun ƙagu, tun kafin jama'ar su ji labari.